Ƙasar Magariba

Shekarar da ƙanina ya sami gurbin karatu a Maroko, ni na kawo wa Inna labarin a garinmu Basirka. Ina koyarwa a wata firamare a Birnin Kudu, duk Juma'a ta biyu ina zuwa gida da gishiri da sabulu. Na ce mata Larabawa Magrib suke kiran wannan yanki.

Ta ajiye faifan da ke hannunta. "Magariba? Can za a kai min auta?"

Inna ba ta barin ko ɗan akuya a waje idan rana ta faɗi, don a wurinta lokacin iskoki ne. Ta ɗauka ƙasa ce da duhu ba ya gama shiga, gari kuma ba ya wayewa. Sai malanta ta motsa min. Na ce mata wannan suna da sallar magariba tushensu ɗaya, daga kalmar Larabci ta faɗuwar rana. Mutanen Makka da Masar ne suka ga can rana take faɗa musu, suka raɗa wa yankin sunan. "Kamar Birnin Kudu ne, Inna. Kudu take da Kano kawai, amma ai a Arewa muke."

"To ina ne wajen?"

Na nuna mata yamma, ta saman rumbun Baba. Ashe da hannuna na daɓa wa cikina wuƙa.

Tun daga ranar da auta ya tafi, da ladan ya kira magariba sai ta fito bayan rumbu ta tsaya tana kallon jan sararin nan, bakinta yana motsi. Idan tuwo ya yi daɗi, auta ne bai ci ba. Idan na kawo atamfa, ko can akwai sanyi? Kishi nake, ba na ɓoyewa. Shi ko waya sai ya ga dama, ni kuwa ƙurar hanyar Gwaram da nake bi zuwa gida ta san ni.

Wata ranar Juma'a na kasa haƙuri, na same ta a wurin.

"Inna, Birnin Kudu ma fa yamma take da nan. Ni ma a magaribarki nake."

Ba ta ko juyo ba.

"Kai ai ɗan acaɓa ke kawo ka," ta ce. "Matsa, ka tare min."