Casimir da Bishiyar da Ke Toshe Mana Masai

Ranar Talata, 14 ga Oktoba, da hantsi, aka bugo mini waya daga asibiti cewa Allah Ya karɓi ran Casimir Brodzik, mai gidan da nake haya a nan birnin Toledo na ƙasar Amurka. Ya rasu yana da shekara tamanin da ɗaya. Na ajiye wayar, na zauna a kicin ina sauraren saman bene, ko motsi babu.

Caz, kamar yadda muke kiranka, fiye da shekara ashirin kana sama ina ƙasa, bututu ɗaya ke kwashe mana ƙazanta. Kai ba mai gyaran famfo ba ne, tsohon direban bas ne, amma duk wanda masansa ya toshe a layinmu ƙofarka yake bugawa. Ba ka taɓa toshe hanci a gidan mutane ba, don kada su ji kunya. Makon da mijina ya rasu, ruwan masaina ya ƙi tsayawa. Ka ɗaga murfin tankin, ka warware 'yar sarƙar da ta harɗe, aikin da bai kai a ce aiki ba. Amma kullum sai ka sauko wai za ka sake dubawa, ka zauna mu sha kofi. Na gane sarai kewa kake ɗebe mini.

Rigimarmu ɗaya ce, bishiyar mapul ɗin nan ta ƙofar gida. Duk kaka saiwoyinta kan kutsa cikin tsohon bututun. Masai ya fara gurnani, baƙin ruwa ya ɓullo a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, daidai inda nake wanki. Sai ka jawo injinka mai doguwar waya, ka durƙusa kana zurawa, kana zaƙulo saiwoyi.

"Caz, don girman Allah ka sare shegiyar bishiyar nan!"

"Ke dai Odessa ba ki da aiki sai faɗa. Riƙe mini fitila."

Haka muke kowace shekara, har kakar da ta biyo bayan rasuwar matarka Loretta. Ranar na sake yin mitata, sai ka kashe injin. Ka gaya mini kafin ɗanku Raymond kun haifi 'ya mace, ta zo babu rai. A wancan zamanin ba a ba ku gawar ba, ko fuskarta ba a bari Loretta ta gani ba. Da ta dawo gida sai ta haƙa rami da hannunta ta dasa bishiyar. Ka ce, "Ba mu da wani kabari sai wannan." Ko Raymond ba ku taɓa faɗa wa ba. Daga ranar na kama bakina, na riƙe fitila.

Ranar jana'izarka gida ya cika, mata sun kawo naɗin kabeji da nama, mutane na ta shiga bayi. Kafin a watse masai ya yi gurnani, ruwan ya ɓullo. Na tarar da Raymond a bakin matakala cikin baƙar kwat, ga shi ya zo ne daga can jihar Arizona mai nisa da niyyar sayar da gidan.

"Anti Odessa, gobe zan kira masu zarto su sare bishiyar nan. Wa zai sayi gida yana wannan wari? Taurin kan Baba ne kawai."

Ka yafe mini, Caz, na buɗe abin da ka rufe. Na ce masa, "Yayarka ce a ƙofar gidan nan, in za ka sare ta sai ka sare da saninka." Na ba shi labarin duka. Da na gama, ya tuɓe kwat ɗin ya rataye, ya tambaye ni yadda ake tayar da injin. Na nuna masa yadda na ga kana yi. Da wayar ta fito da saiwoyin, sirara kamar gashi, ya riƙe su a tafin hannu yana kuka, ni ma ina yi.

Ya ce ba zai sayar bana ba. Bai yi mini alkawarin baɗi ba, ni kuma ban nema ba, don yana da iyali a nesa, gwiwoyina kuma ba sa durƙuso. Zuciyata ba ta kwanta ba, gaskiya ke nan.

Allah Ya jiƙanka, Casimir, Ya yafe maka kurakuranka, Ya sada ka da Loretta da 'yar da ba ku ga fuskarta ba. Ina miƙa ta'aziyyata ga Raymond da matarsa da 'ya'yansu, da duk mutanen layinmu, Allah Ya ba mu haƙurin rashinka. Ni kuwa da na yi shekaru ina tsine wa wannan bututu, yau addu'ata ita ce Allah Ya kai mu kaka mai zuwa, in ji masai ya sake toshewa.