Ranar da Na Yi wa Dirhamin Kaka Taimama

Wata Talata ce a watan Mayun 1991, lokacin da aka hana kowa buɗe kanti a Douala. Ina 'yar shekara tara, ina tsugune a tsakar gidanmu na unguwar New Bell ina wanke tukwane da ragowar ruwan bokiti, sai muka ji harbi daga bakin kasuwa. Hayaƙin taya ya turnuƙe layinmu, aka fara ihun wuta ta kama gidan katakon da ke bayanmu. Baba ya ce kowa ya fita yadda yake, mu nufi unguwar Bali wajen ƙanwarsa. A ƙofa Kaka ta damƙe hannuna, ta ce, "Ladidi, ɗauko min dirhamina."

Azurfa ce siririya, kakanta ya zo da ita daga Makka da ƙafa. Ba ta da kan barewa irin na kuɗin sefa da muke sayen makala, wato fanke, da shi a makaranta, rubutu ne zalla. Malaminmu na allo ya taɓa karanta mana: kalmar shahada, da Ƙulhuwallahu, kuma an buga ta tun Hijira ba ta cika shekara ɗari ba. Shi ya sa Kaka kullum take cewa, "Marar alwala ba ya taɓa ta."

Na koma ɗaki na zaro ƙullin tsumman da yake ciki daga ƙarƙashin katifa, tsumman ya kwance, dirhamin ya gangara ƙasa. Ba ni da alwala, ruwa kuma na ƙarar a tukwane. Hayaƙi na shigowa ta taga, ina jin ƙarar kwanon rufi yana fashewa, amma wallahi tsoron taɓa sunan Allah haka ya fi min tsoron wutar. Na buga tafukana a bango, na shafi fuska ina tari ina kuka, na shafi hannaye, sannan na ɗauka. A nan Baba ya same ni. Ya zabga min mari, ya saɓa ni a kafaɗa, har Bali bai sauke ni ba. Ɗakin bai kai la'asar ba, wuta ta cinye shi.

Yau dirhamin yana Bonabéri wajen yayana. 'Ya'yansa suna juya shi da hannun da suka ci soya, wato tsire, suna ɗaukarsa hoto, su ce irinsa gidan tarihi ake kai wa. Ba na hana su. Sai dai idan suka miƙo min, har yanzu sai na ce su jira in zo daga famfo.