Ɗakin da anka gina ma Kawu

In kun so ku yarda, in ba ku so ba ku bar mini abina: na ga kaza ta shiga sabon ɗakin kawuna da rana tsaka, ta hito tana haki kamar wadda ta yi gudu daga Konni, ta je gindin randa ta faɗi. Daga ranar ko gero ka watsa a ƙofar ɗakin, sai ta dube ka ta wuce.

Kawun nan nawa maginin laka ne. Rabin rumbunan garinmu, can bayan Dogarawa, hannunshi ne. Soron da yake kwana shi ya gina abinshi tun yana saurayi, bango mai kauri, in ka shiga da bazara sai ka nemi bargo. To, na ƙara gishiri, amma kaɗan.

Babban ɗanshi, taubashina, direban kamyo ne, babbar motar ɗaukar siminti, a Malbaza. Abokan aiki sunka sa shi gaba: kai kana kai siminti har Yamai, tsohonka na kwana cikin laka kamar zanzaro. Ni ma ina tsokanarshi da haka, aikin taubashi ke nan. Ashe shi abin ya shige mishi rai.

Kawu ya tahi Alela gaisuwar mutuwa, ya daɗe. Kahin ya komo taubashina ya sa an rushe soron, an tada bulo, an buga kwano, an shafa fenti shuɗi, har da panka a sama. Ni na ɗauko shi bisa babur. Da munka shigo gida ya sauka, ya tsaya yana kallon tarin jar ƙasa da anka ture gefen danga. Mata na guɗa, maƙwabta na cewa Allah ya yi ma yaro albarka. Kawu ya ce amin. Me zai ce? Duk garin ba wanda bai so a yi mishi irin wannan. Shi kanshi ya daɗe ba wanda ya kira shi gini, sai dai facin rumbu.

Sai bazara ta kama. Wutar lantarki dama zuwanta kamar baƙon kunya, pankar nan na rataye, gizo ya yi gida a kanta. Kwano ya sha rana, bulo ya riƙe zahin har gari ya waye. Kawu da ƙahwa mai ciwo da numfashi mai nauyi, in ya kwanta waje ƙurar kamyoyi ta sa shi tari, in ya shiga ciki ya dahu. Mutum ya dinga ramewa gabanmu. Wata la'asar jikokinshi sunka iske shi a ƙasa bai motsi. Ni na goya shi zuwa likita, anka ƙara mishi ruwa. Majo, babban ma'aikacin wurin, ya ce zahi ne, a samo mishi wuri mai sanyi. Na ce majo, wurin mai sanyi yana nan gefen danga, awaki na hawa.

Anka sallamo shi, munka komo gida. Akwai babban rumbu a tsakar gida, wanda babu ko zangarniya ciki, don gonarshi ta bakin gudron, hanyar kwalta, an daɗe da saida ta ga masu tashar kamyo. Kawu ya ɗauki gatari ya huda mishi ƙofa a ciki, ya kwaɓa laka ya gyara bakin, ya shimfiɗa tabarma. Na leƙa, wallahi iska mai daɗi. Na ce Kawu, yanzu kai ne damen bana? Bai yi dariya ba. Amma ya hwara cin tuwo, tarin ya ragu.

Labari ya kai Malbaza. A tasha har waƙa anka yi ma taubashina, wai ya aje ubanshi a rumbu sai ya yi tsada. Ya zo ran Juma'a idanu ja, ya durƙusa bakin rumbun, ni ina gefe ina ɓare gujiya.

"Baba, don Allah ka hito ka koma ɗakinka. Ban iya ɗaga kai cikin mutane. Zan sa pano mai jan wuta daga rana, panka ta yi ta juyawa dare da rana. Ni da na yi don in hutar da kai?"

Kawu ya gyara kwanciya bisa tabarma. Sannan muryarshi ta hito daga cikin duhun rumbun:

"Ɗakin naka ya yi kyau, ban ƙi ba. Amma ka bari in mutu tukuna, in ya so ka sa ni ciki ka kulle."