Makullin Cocin Ƙauyensu

"Ina mutanen? Duk sun tafi gona ne?" na tambayi Bafaranshen da nake tuƙawa, da ya nuna min hoton ƙauyensu muna cikin cunkoson motoci a unguwar Deira, nan ƙasar Larabawa. Gonakin alkama, rafi, tsohon cocin dutse, amma ko yaro ɗaya babu.

Ya ce, "Sani, habibi, mutanen garin duka ba za su cika benen da kake haya ba. Mahaifiyata ke riƙe da makullin cocin. Ta tsufa, babu mai karɓa."

Sai na tuna da gida. Baba ma kullum tambayarsa yaushe zan dawo in karɓi gonarmu, ni kuma sai in ce baɗi, in sha Allah.

Ni kaina ban san ko gaskiya nake faɗa masa ba. Ku da ke waje, me kuke ce wa naku?