Wanda Ya Goge Muryar Kaka

Har gobe ba na bi ta gaban shagon ɗan ƙanen babana a Dogon Dutsi. Ko kan kabu-kabu nake, sai in ce a zagaya ta bayan kasuwa.

Kakarmu ta Matankari 'yar bori ce, ban taɓa ɓoye wannan ba. Shekara biyu kafin ta rasu, duk hutun lakwal, wato makaranta, nakan je in zauna gabanta da wayar salula ina ɗauka, tana rera waƙoƙin doguwa, tana jero sunayen waɗanda ta gada a wurinsu. Na kwashe duka na zuba a ordinata, wato kwamfuta. Salular ta mutu daga baya, ni kuwa don wauta ban kwafa a ko'ina ba.

Ran da ordinatar ta ƙi tashi, na kai wa ɗan ƙanen baban nawa, tunda gyaransu yake yi. Ya ce sai an sake zuba mata sistem. Na ce ya zuba, amma disk ɗin kashi biyu ne, C da D, duk abin kaka yana D, kada ya taɓa. Sau uku na faɗa. Ya ce to, Yaya, yana shafa ɗan gemun nan nasa.

Bayan kwana biyu na koma. Ordinata ta tashi garau. Na buɗe, babu D. Sai ya hau yi mini karatu da Faransanci: wai D "etandi" ne, sistem kuwa ba ya tashi sai a kan "primer", wai C ya yi kaɗan, dole ya rushe su ya haɗe. Dole! Ni mai koyar da tarihi, me na sani? Na rungumi abina na fito.

Malamin lissafi na lakwal ɗinmu ya san kan waɗannan abubuwa. Ya duba, ya ce ai C primer ne tun asali, a nan ake zuba sistem, ba ruwan D. Ko da wuri ya yi kaɗan, kwashewa ake yi a kile, wato filashi, tukuna. Ya gwada ceto wani abu, ya kasa. Ya ce wannan ba kuskure ba ne, bin disk ɗin aka yi aka shafe kaf, aikin da ke cin awoyi.

Na koma shagon da rana tsaka, cike yake da masu sayen caja. Ban yi sallama ba. Na kira shi maƙaryaci, munafuki, na tuna masa cewa kakar nan ce ta goya shi lokacin da ƙyanda ta kusa kashe shi. Ya bar ni na gama.

"Na saurari waƙoƙin, Yaya," in ji shi. "Tun daga farko har ƙarshe. Shirka ce. Sauƙi na yi mata a kabari, ke ma na yi miki."

Wallahi da hannuna ya kai da na mare shi, tebur ne ya tsare. Na tsane shi a ranar, kuma ban huce ba.

Dangi sun ce in yi haƙuri, ai waƙa ce kawai. 'Yata ta ce in rera mata abin da na tuna. Na fara, baiti biyu suka zo, na uku ya ƙi. A duk zuri'armu shi ne na ƙarshe da ya ji su cikakku, kuma ko yanka shi za a yi ba zai maimaita ko ɗaya ba.