Ciyayyar Baba da Mutanen Cikinsa

Mahaifinmu bai taɓa yarda cewa ba shi da lafiya ba. Ko zazzaɓi ya kayar da shi har haƙoransa suna kaɗawa, in ka ce masa ya jiki, sai ya harare ka ya ce jikin wa. Shi ya sa da ya fara shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, yana zaryar bayi, yana ramewa a tsaye, kallo kawai muke yi, ba mai bakin magana. Abin da ya kai mu gidan likita a Ƙonni wani ɗan ciwo ne a babban yatsan ƙafarsa. Tuntuɓe ya yi da turken akuya, irin ciwon da yaro zai ji da safe ya manta da rana, amma nasa ya ƙi warkewa. Inna ce ta ga yana ɗingishi wajen alwala, ta sa aka kira ni daga Malbaza, inda nake koyarwa a lakwal, wato makarantar boko. Na zo na ce masa ni ne ba ni jin daɗi, ya taimaka ya raka ni. Duk hanya yana yi mini faɗa a kan ragwantar yaran zamani.

Likitar mace ce, kuma a idon Baba yarinya ce ƙarama. Ta lallaɓa shi ta huda masa yatsa, ta duba ɗan injinta, ta ce ciwon sukari ne. Ta wanke ƙafar, ta rubuta magani, ta hana shi shayi mai zaƙi da lemon kwalba, ta ce a rage shinkafa da taliya da burodi. Sannan, don ta ga dattijon kirki ne mai sauraro, ta ƙara masa da karatu.

Ta ce, "Baba, cikin hanjin kowa akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani. Abin da kunka ci shi su ka ci. Na kirkinsu suna son wake da ganye da nono marar sukari. In sun samu, ana ganin suna taimakon jiki wajen riƙon sukari. Amma maganin ga kullum za ku sha shi."

Baba ya gyara zama. "Tsutsa ke nan, ɗiyata?"

"A'a, ba tsutsa ba ce."

"Su nawa ne?"

"Ba su ƙirguwa, Baba."

"Tun yaushe su ke ciki?"

"Tun kuna jinjiri."

Ya kalli cikinsa ta saman riga. Can ya ce, "Kuma ba wanda yat taɓa yi min sallama."

Daga ranar ya sa musu suna mutanen ciki. Ciwon sukarin bai shiga kunnensa sosai ba, amma maganar cewa yana ciyar da jama'a ba tare da saninsa ba ta yi masa daɗi ƙwarai, don shi mutum ne mai son a ce a gidansa aka ci.

A cikin gida Inna ta kama mulki. Ta kwashe sukari ta kai ɗakinta, ta koma dafa wake da zogale da rama, furar rana ta zama nono tsagwaronsa da ɗan ƙullin gero kaɗan. Baba yana ci yana mita, amma yana ci. Matsalar tana ƙofar gida.

Tun kafin a haife ni Baba yake ciyayya da abokansa uku: ladanin masallacinmu, da wani tsohon jandarma, wato jami'in tsaro mai kaki, da wani mai fataucin albasa. Bayan sallar magariba ake shimfiɗa tabarma a ƙofar gidanmu, kowane gida ya fito da kwanonsa, a buɗe ɗaya bayan ɗaya a ci tare. Kowa gabansa yake ci. In mutum ya tsallake kwano, gefensa zai tsaya cak ba a taɓa ba, kwanon ya koma cikin gida a haka, matar da ta dafa ta gani ta tambayi mijinta wane ne ya ƙi abincinta. An taɓa yin gaba mai tsawo a unguwarmu a kan gefen tuwo. Saboda haka Baba zai ci wakensa a cikin gida da rana kamar mutumin kirki, da magariba kuma ya fita ya sa hannu a shinkafar gidan ladan, da taliyar gidan jandarma, da tuwon shinkafar gidan mai albasa, ya rufe da shayin da cokali ke iya tsayawa a cikinsa. Ya kuma hana kowa ya gaya wa abokan nasa cewa an ce yana da wani ciwo.

Ana cikin haka ƙanena da ke ci-rani a Ikko ya ji labari a waya, ya aiko da tsaraba: wata ƙatuwar kwalbar bitamin. Jikinta da hoton wani ƙato ya ɗaga hannuwa, damatsa kamar turmi. Ƙwayoyin manya ne, jajaye, suna ƙyalli. Baba ya ajiye ɗaya a tafin hannunsa kusa da ƙwayar likita, 'yar mitsitsiya fara da ta zo a takarda ba ko hoto, ya dube su ya yanke hukunci. Ƙwayar likita ta koma saman dakalin taga.

Tsaraba kuwa a wurinmu ba a ɓoye ta. Wanda aka kawo wa ya raba, in ba haka ba ya zama marowaci har jikokinsa su gaji sunan. Ran Asabar da na zo hutu, ina zaune can gefe don ɗa ba ya sa hannu a kwanon sa'o'in ubansa, sai na ga Baba ya zaro kwalbar daga aljihun babbar riga, ya buɗe ta da yanga, ya bi da ita kamar mai rabon goron suna. Kowa ya ɗauki ɗaya, aka yi bisimilla, aka kora da ruwa.

"Wagga ita ka kashe zaƙi tun bai kai ciki ba," in ji Baba. "Kuma tana ƙara wa mutanen ciki ƙarhi."

Ashe ya ba su labarin mutanen ciki tuntuni, ciwon kawai ya cire daga labarin. Tsohon jandarma ya rantse gwiwarsa ta daina ƙara tun da ya fara sha. Ladan ya ce yanzu in ya kira salla har mutanen Najeriya da ke ƙetaren iyaka suna tashi. Mai albasa ne kaɗai ya rage murya ya tambaya ko kowa ma fitsarinsa ya koma ruwan ɗorawa, aka tabbatar masa cewa dattin jiki ne ke fita. Daga nan aka buɗe shinkafa. Da yake an sha kariya, kowa ya ƙara loma, Baba yana ci yana cewa ba shi ke so ba, mutanen ciki ne ba su ƙoshi ba.

Da suka watse na bi shi zaure, raina a ɓace. Ni mai saurin fushi ne, wannan a wurinsa na gada. Na ce, "Baba, wa yac ce muku bitamin na kashe sukari? Ina maganin likita?"

"Shina nan, ba a sace shi ba."

"To ku bar cin shinkahwar nan."

"Matar ladan ta tsaya bakin murhu tun la'asar, in maida mata kwanonta da gehe? Lakwal ɗin taku ba a koya muku mutunci?"

Na fita ina huci. A zuciyata na ce zan kama ƙanena a waya, shi da ƙaton da ke jikin kwalbarsa.

Da lokacin komawa likita ya yi, ba sai na yi ƙarya ba, don takalmi ya daina shiga ƙafar. Likitar ta kwance ƙyallen, ta daɗe tana kallo. Bakin yatsan ya fara baƙi, kuma akwai wari. Baba ya miƙa mata kwalbar da alfahari. Ta juya ta, ta karanta, ta ajiye.

Ta ce, "Baba, wagga bitamin ce. Tana da amhwani ga wanda jikinshi ya rasa ta, amma ba ta sauke sukari, kuma ba ta zama madadin magani. In anka ci gaba haka, yatsan ga za a cire. In anka ƙara sakaci, ƙahwar ce."

Ba ta yi murmushi ba a wannan karon. Ni kam tsoro ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji a kan Baba ba, don ban taɓa tunanin jikinsa abu ne da za a iya rage wa wani yanki ba. Haka muka kamo hanyar gida.

Baba ya koma shan ƙwayar likita, ya kuma daina fita. Tunda ba zai iya zama gaban kwano ya ƙi ci ba, kuma ba zai iya cewa ba shi da lafiya ba, sai ya ce wa Inna ta faɗa wa duk mai sallama cewa ya tafi Bazaga duba gona. Katanga ɗaya ce tsakaninmu da gidan ladan, kuma tarin Baba kowa a unguwar ya san shi. Haka ya zauna a Bazaga yana tari. Da magariba za a kawo masa wake a ɗaki, ya sa hannu kaɗan ya ture. Mutumin da bai taɓa cin abincin magariba shi kaɗai ba, ashe bai ma san yadda ake yi ba. Ya fara ramewa fiye da da, ya daina mita, ya daina yi mini faɗa. Wannan ya fi yatsan tayar mini da hankali.

Wata ranar Juma'a da hantsi Inna ta yafa mayafinta ta fita. Da ta dawo Baba ya tambaye ta ko ta tona masa asiri. Ta ce wallahi ba ta yi magana da namiji ko ɗaya ba.

Bayan magariba sai ga muryar tsohon jandarma a ƙofar gida, yana kwaɗa sallama kamar ya zo kame. "Mai gida, ka dawo daga Bazaga ko har yanzu kana hanya? Hito, abinci na hucewa!"

Ba yadda Baba zai yi. Ya dogara sanda ya fita, na bi shi da tabarma. Ba wanda ya kalli ƙafar da ke naɗe. Aka buɗe kwanon gidan ladan, wake ne. Na gidan jandarma kwaɗon zogale da ƙuli. Na gidan mai albasa ɗan tuwon dawa, miyar kuka ta nutsar da shi. Jandarma ya leƙa kwanon gidansa ya ce matarsa ta fara tsufa, ta ɗauka akuya ta aura. Ladan ya ce shi ma abin da yake fama da shi ke nan, mata sun lalace. Suka yi ta zagin girkin matansu suna ci. Da aka zuba shayi ba sukari, mai albasa ya kurɓa, fuskarsa ta tattare wuri ɗaya, ya ce ai haka Larabawa suke sha. Baba ya ci gabansa tas a kowane kwano. Ba a tambayi kwalbar bitamin ba, shi ma bai zaro ta ba.

Haka aka ci gaba. Ciwon ya ɗauki lokaci mai tsawo, ana wanki ana naɗi, farcen ya fita bai sake tsirowa daidai ba, amma yatsan yana nan. Ranar da likita ta ce ya warke, muna dawowa na ce masa lalle ya yi sa'ar abokai, tunda tsofaffi uku sun bar shinkafa da taliya saboda shi.

Ya yi dariya har ya tsaya a hanya. "Sun bar mi? Kai dai malamin lakwal ne kawai. Jandarma in ya miƙo min hannu ƙanshin man taliya ni ka ji. Jiya da ƙwarar shinkahwa a gemun ladan. Ci su kai su ƙoshi cikin gida, sannan su hito."

Na buɗe baki zan yi fushi a madadinsa, sai na ga ya daina dariyar, idonsa ya kawo ruwa.

"Ka san wuyar tura ganye bisa ƙoshi? Kullum su kai, kuma ba wanda yat taɓa barin gehenshi." Ya goge fuska da hannun riga, ya ci gaba da tafiya. "Kak ka hwaɗa musu na sani."