Ƙasar da ta rage a gidanmu

Gidanmu na Nima duk siminti ne yanzu, ban da wani lungu a bayan ɗakin tsohuwa, ƙarƙashin mangwaro. Wurin bai fi shimfiɗar tabarma biyar ba, kuma rana ba ta shiga. Na gwada tumatir, ya yi tsawo ya kife. Barkono ko fure bai yi ba. Matata ce ta kawo kan gwaza daga kasuwar Maamobi, ta ce shi inuwa yake so da laima. Ya kama kuwa. Ganyensa, wanda a nan muke ce wa kontomire, ya daɗe yana shiga tukunyarmu.

Ruwa saye muke a jarka, saboda haka a kan roba nake alwala, in na gama in juye masa. In na dawo daga aiki in share ganyen mangwaro, in tsince ledojin da iska ke kawowa.

A lungun nan ake yi wa mamatan gidan wanka. In a kan siminti ne, ruwan zai ratsa tsakar gida ya faɗa kwata, ya haɗu da ƙazantar unguwa. Nan kuwa ƙasa ce ke shanyewa. Nan aka wanke mahaifinmu, aka wanke tsohuwa. Da matata ta rasu, nan mata suka kewaye da zane suka wanke ta.

Bara ƙanena ya same ni ina tsugune a wurin. Ɗansa zai yi aure, babu ɗaki.

"Yaya, ganye fa kake gadi," ya ce. "Yaron nan a kan benci yake kwana a shago."

"Ni fa, a ina za ku wanke ni?"

"Ai akwai wuri a masallaci. Kowa can ake kai shi yanzu."

"Ba kowa nake tambaya ba."

Ni ma na san gaskiya ya faɗa game da yaron. A Nima ɗaki ya fi mata wuyar samu.

Ranar da magini ya zo da igiyarsa, na tuɓe takalmi na kwanta a ƙasa, jikin mangwaron. Na ce ya ja layi daga kaina zuwa ƙafata, ya ƙara wurin tsugunon mai wanka. Sauran su ɗauka. Ƙanena ya kau da kai, ya ce wa magini ya yi yadda na ce.

Na tone gwazan na mayar da shi gefen bango. Rabi ya mutu. Wanda ya rayu ya fi na da kyau, don sabon ginin ya ƙara inuwa.

Amaryar takan leƙo da safe. "Baba, in tsinki ganye?"

Nakan ce ta tsinka, amma ta bar na tsakiya.